Wata Ukun da Ustaz Fawwaz Ya Yi Mini Shiru

Ni mutum ne mai son kai kuka, ba na ɓoyewa. Idan takalmi ya matse ni, kafin la'asar layinmu ya ji. Shi ya sa da Ustaz Fawwaz ya tsoma hannu cikin tukunyar miya ya zaro 'yar takarda mai sunana, ya ce na faɗa rukuni na biyu, ni na fara miƙewa.

"Su rukuni na biyun me za a yi musu?"

"Ba komai, Abu Laith. Aikinsu ke nan."

Muna zaune ne a tsakar gidansa, kusan duk magidantan layinmu na birnin Irbid, kowa da kofin shayi a hannu. Shekara talatin Ustaz ya yi yana ba ɗalibai shawara a wata sakandaren maza. Da ya yi ritaya sai mu muka gaji ɗaliban. Wanda matarsa ta yi yaji, wanda ɗansa ya ƙi karatu, wanda barci ya ƙaurace wa, duk gidansa ake nufa. Ni da katanga ɗaya ta raba mu, na fi kowa shan romon.

Abin da ya ɓata mana wannan jin daɗin wani matashin malamin jami'a ne. A wani taro ya tambayi Ustaz, cikin ladabi, wace hujja yake da ita cewa shawararsa ta taɓa amfanar wani. Ustaz ya ce mutane suna gode masa. Matashin ya ce ai mutanen nan namu ko ƙafarsu ka taka za su ce maka sannu da ƙoƙari.

Maganar ta tsaya wa Ustaz a rai. Da furfurarsa da komai ya koma jami'a neman digiri na biyu. Duk darussan sun zo masa da sauƙi, ban da ƙididdiga. Sau biyu ta kayar da shi. Sai ka same shi da tabarau a ƙarshen hanci yana harare-hararen alƙaluma kamar sun zage shi. Wata rana ya ce da ni, "Ka san idan aka daidaita, kowane gida a layin nan 'ya'ya huɗu da rabi gare shi?" Na ce rabin yana gidana, sunansa Laith, ba ya tashi sai azahar. A karo na uku ya haye da ƙyar, bayan 'yarsa Wijdan, mai aiki a kantin magani, ta zaunar da shi kamar ɗan firamare.

Yanzu ga shi ya zo kan binciken kansa, mu ne kayan aikin.

"Ku saurara," in ji shi, yana rufe tukunyar. "Rabinku zan riƙa zama da su duk mako ina ba su shawara. Rabi kuma in ƙyale su wata uku. A ƙarshe kowa zai amsa tambayoyi, a gwada. Idan na farko sun fi samun natsuwa, kuma bambancin ya wuce wanda dace kawai zai iya kawowa, to na yi aiki a duniya."

"In ba su fi ba fa?" in ji Abu Mazin mai aski.

"To shekara talatin na yi ina shan shayin gwamnati a banza."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Na matsa kusa da shi. "Ustaz, mayar ka sake zaro wata. Ni ne fa na jikin katanga."

"Tukunya ba ta san katanga ba."

Abin haushin, lokacin ne na fi bukatarsa. Ni da ƙanena Nayif mun daɗe ba ma ga maciji saboda wata bishiyar zaitun da mahaifinmu ya bari a ƙauye, ta tsaya daidai kan iyakar gonakinmu. Shi ya ce saiwar tana wajensa, ni na ce rassan suna wajena. Ko a gidan biki muka haɗu, sai dai kowa ya gaisa da bango.

Da na duba dokar da kyau sai na ga shawara aka hana, ba a hana shayi ba. Don haka kullum bayan la'asar sai in zagaya in zauna, in kwance masa buhun Nayif tun daga yarinta. Shi kuwa ya haɗa yatsu a kan ciki ya ce, "Uhm."

"Ustaz, 'uhm' na yarda ne ko na ƙi?"

"Uhm ne kawai."

Na sake dabara. "Wani abokina ne yake da matsala da ƙanensa."

"Abokin naka wane rukuni yake?"

Na gwada fushi, na ce ko bare ba a yi masa haka. Ya miƙo mini sukari.

A wata na biyu na lura wandonsa ya fara yi masa yawa. Wijdan ce ta faɗa mini ta saman katanga, tana shanya. Ta ce sun je asibiti a Amman, ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa. Da na shiga da yamma na rasa da wace fuska zan zauna. Shi kuwa na same shi yana ta murmushi.

"Likita ya ce irina kaɗan ne cikin ɗari suke kai shekara. Na tambaye shi mutum nawa aka gwada, kuma yaya aka zaɓo su. Abu Laith, sai ya hau duba agogo."

"Allah ya ba ka lafiya, Ustaz."

"Amin. Lafiyar da nake so ita ce in ga sakamakon nan kafin a kira ni. Ci gaba, ina muka tsaya da Nayif?"

Na ci gaba. Amma mutum idan ya yi makonni yana zuba ba wanda ke tare shi, kunnensa yakan fara jin bakinsa. Wata rana ina tsakiyar bayanin yadda inuwar bishiyar take faɗowa ɓangarena da safe, sai na ji muryata kamar ta wani tsohon da nake gudu a masallaci. Na katse maganar a nan. Ustaz ya ce, "Uhm."

Ranar Juma'a na hau mota na tafi ƙauye ban gaya wa kowa ba. Na tarar da Nayif a gonar. Muka zagi juna har muka gaji, matarsa ta kawo abinci muka ci, sannan muka shimfiɗa buhuna muka kaɗe bishiyar tare. Abin da ta zubar bai cika bokiti ba. Ranar na yi barcin da rabona da irinsa tun ina saurayi.

Da safe ina wanke fuska gabana ya faɗi. Ni ɗan rukunin da aka ƙyale ne, kuma na warke.

Da jikin Ustaz ya ƙara tsanani, Wijdan ta matso da ranar amsa tambayoyin. Abu Mazin ya tara mu a shagonsa, ya ja labule, yana nuna mu da almakashi.

"Mutumin nan ba zai shiga kabari da sifiri ba. Ku 'yan rukunin farko, ku amsa kamar angwaye. Ku kuma na biyu, kamar an kora ku daga aiki jiya."

Wani ya ce, "Ba ƙarya ba ce wannan?"

"Duba mara lafiya ce. Kai idan ka je dubiya cewa kake yi 'ka rame'?"

Ranar ta zo, aka raba takardun tambayoyin. Na rubuta cewa ba na barci, ba na cin abinci, kuma nakan yi kuka ba dalili. Ina rubutawa maɓallin rigata yana neman tsinkewa.

Ranar Litinin muka cika ɗakinsa. An jingina shi da matasai, ya zama kamar rabin kansa. Wijdan ta zuba amsoshin a kwamfuta ta juyo masa da ita. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo. Abu Mazin ya kasa haƙuri.

"Ustaz, yaya? Mun ci?"

"Kun ci har kun wuce. Idan wannan gaskiya ne, a rufe asibitoci a riƙa kawo mini mutane." Ya numfasa. "Abu Mazin, ka rubuta cewa ba ka yi fushi ko sau ɗaya ba tunda muka fara."

"Albarkacinka, Ustaz."

"Shekaranjiya ta tagar nan na ji ka kana gaya wa mai sayar da gas asalin kakansa."

"Wannan nasiha ce."

Ustaz ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce Allah ya saka wa kowa, a ba shi wuri, ban da ni. Wijdan ma ta fita.

"Abu Laith, kai ba ka iya ƙarya ba, ƙorafi ka iya. Yaya kake?"

Na kalli hannunsa a kan bargo, duk jijiya. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da tafiya cikin farin ciki, kuma ni da na yi shekara hamsin da 'yan kai ina cewa ba ni da lafiya, ranar bakina ya ƙi.

"Lafiya lau nake, Ustaz. Mun shirya da Nayif. Ina barci kamar jariri."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan da ka daina ba ni shawara."

Ya lumshe ido. Na jira ya ce wani abu game da shekara talatin ɗin, ko shayin gwamnati. Sai gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Uhm," in ji shi.

"Ustaz, ka yafe mini. Yanzu tunda an gama, ka ce mini wani abu. Ko me ne ne."

"Wata ukun sai ranar Alhamis zai cika."

Ranar Laraba da hantsi ya rasu.

Kwana ukun zaman makoki a zauren danginsu na yi su ne kamar wanda ya tura mutum rijiya. Ana zagayawa da gahawa mai ɗaci da dabino, ina karɓa ina ajiyewa. Abu Mazin yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa marigayi ya tafi da hujjarsa a hannu, kimiyya ta tabbatar. Ni kaɗai na san abin da na zuba masa a kunne a ƙarshe. Nayif ya zo daga ƙauye ya zauna kusa da ni, abin da ya ƙara tona mini asiri.

Bayan an watse, Wijdan ta ƙwanƙwasa ƙofarmu, ta dawo da babban farantin da aka kai musu abinci a ciki. Na karɓa, na ce ta tsaya.

"'Yata, akwai abin da ya kamata ki sani. Ni na rushe wa babanki bincikensa. An ƙyale ni, na warke, kuma na faɗa masa a fuska."

Ta dube ni da jajayen idanu, sai kuma na ga tana danne dariya.

"Ammu," in ji ta, wato baffa, yadda take kirana tun tana rarrafe, "ai ba ka cikin binciken."

"Kamar yaya? A gabana aka zaro sunana."

"Tun mako na biyu ya cire ka. Malaminsa ya ce wanda yake zuwa kullum ba a ƙyale shi ba, zai ɓata lissafi. Amsoshinka ma ban zuba su ba."

Na jingina da ƙofa. "To shirun fa? Wata uku mutumin nan yana ce mini uhm."

"Na tambaye shi. Na ce Baba, tunda ka cire shi, ka yi masa magana mana."

"Ya ce me?"

"Ya ce in bari, abin yana aiki."

Ban tambaye ta wa yake yi wa aiki ba, ni ko shi. Ta gyara mayafinta ta koma gida, na ji ƙarar sakata ta bayan katanga. Na daɗe a bakin ƙofa da farantin a hannu. Da na juya shi sai na ga ba namu ba ne.