Sunan Sha'aban Tela a Jerin Gasa

"Sake karantawa," in ji Malam Sha'aban.

Isiyaku ya ƙara matso da wayar kusa da idonsa. Yana tsugune a bakin katifar tsohon, ko rigar aikinsa ta tuƙin motar kaya bai cire ba. Sanarwa ce daga kwamitin al'adu na ƙungiyar 'yan gida mazauna Riyad: wasanni uku aka zaɓa su yi takarar kambun sabon wasan waƙa na bana. Na Mansur, na waɗansu ɗaliban jami'a, sai na uku, "Rijiyar Maƙwabta", na Sha'aban tela.

"Barka, Malam. Abin da aka daɗe ana jira."

Tsohon ya kau da kai. Ya zuba wa fankar silin ido kamar ita ta yi maganar.

Shekara goma sha ɗaya ke nan bango ɗaya ya raba ɗakunansu, a hawa na biyu na wani tsohon bene a unguwar Manfuha. Sha'aban ɗinki yake yi a wani shago a unguwar Dira, amma abin da aka san shi da shi wasan kwaikwayo ne mai waƙoƙi, ba kiɗa sai tafi da duffu, wato mandiri. Duk Ƙaramar Sallah ƙungiya kan kama istiraha a bayan gari, gidan haya mai fili da katanga, a nuna wasanni, sai Babbar Sallah a ba da kambu. Wasa tara ya yi a baya, wasu har yau direbobi na rera waƙoƙinsu, amma ko sau ɗaya sunansa bai shiga jerin ba.

"Isiyaku, kana wurin da aka yi wasan nan. Ya yi kyau?"

"Ya yi mana."

"Kada ka yi mini ƙarya ina kwance. Waƙa ta uku gurguwa ce, masu amshi sun ɓace a tsakiya, mutane suka tashi neman shayi. Wa ke shugabantar kwamiti?"

"Likita Kamil."

"A ina yake aiki?"

Isiyaku ya gane inda ya dosa. Mako uku da suka wuce shi da kansa ya kai Malam asibitin da likitan ke aiki, aka ɗauki hoton cikinsa, aka ba shi magani aka ce ya jira sakamako.

"Ka gani," in ji tsohon. "Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya ƙi ni ina da ƙarfina, yau ya tuna da ni. Ya ga takarduna. Je ka tambayo mini shi."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Isiyaku ya tare Likita Kamil a gindin motarsa. Likitan ya saurare shi yana juya makulli a yatsa.

"Malam Isiyaku, ni likitan ƙashi ne, ban san komai a kan cikinsa ba. Ko na sani ma ba a nan zan faɗa ba. Maganar jeri kuwa, bana shekarar fari ce. Rabin masu yi mana wasa sun mayar da iyali gida, samarin kuma tun da aka buɗe silima ba ka ganinsu a wurin gwaji. Sababbin wasanni uku kacal aka yi, doka kuma ta ce suna uku. Halas, shi ke nan. Ba gata muka yi masa ba."

Maganar ta zauna daidai, har ta yi daidai da yawa. Abin da ya tsaya wa Isiyaku a rai shi ne, har suka rabu likitan bai tambayi jikin Malam ba. Mutumin da bai san komai ba ai tambaya yake yi.

Bai wuce gida ba. Ya biya ta shagon gyaran wayar Abdulganiyu, mutumin Ilori da ya girma a Sabon Garin Zariya, wanda shi ma ya nuna wasa a Ƙaramar Sallar. Isiyaku ya tuna an yi dariya a wasan har wani ya faɗo daga kujera.

"Ban ga sunanka a jeri ba," in ji Isiyaku.

Abdulganiyu bai ɗago daga wayar da yake kwancewa ba. "Na janye."

"Don me?"

"An roƙe ni."

"Wa?"

"Isiyaku, ka gai da Baba. Ka ce ina nan zuwa."

Ya hau benen a hankali, yana auna maganganu biyu. Ya ce wa mutum an sa shi ne don babu kowa, ko ya ce masa an sa shi ne don an ga tafiya zai yi. Babu mai daɗi a ciki. Ya zaɓi wadda ba ta da likkafani.

Malam Sha'aban ya ji bayanin likita har ƙarshe, ya yi 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Wato ciko aka yi da ni, kamar ƙyallen da ake toshe aljihu da shi. To, wannan na yarda Kamil zai iya." Ya ɗaga yatsu yana lissafi. "Mansur. Ɗalibai. Ni. Na Abdulganiyu fa?"

"Sun ce tsohon wasa ne ya sabunta, ba ya cikin sababbi."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"Ashe kai ma an sa ka a kwamiti."

Bai sake tayar da zancen ba. Ya ce a miƙo masa littafinsa da biro. Kwanakin da suka biyo baya, duk yammar da Isiyaku ya dawo daga Birnin Masana'antu sai ya same shi jingine da bango, kunun da aka kawo masa ya huce, yana gyaran waƙa ta uku. Yakan buga awo da yatsa a gwiwarsa, ya soke baiti, ya sa Isiyaku ya yi masa amshi. Da aka kira daga asibiti aka ce ya zo tare da wani nasa a yi masa bayani, cewa ya yi a bari sai bayan Sallah. Duk mai zuwa gaisuwa kuwa sai ya bi hannunsa da kallo. Wanda ya zo da dabino da yawa, ko ya daɗe yana addu'a, da ya fita sai Malam ya ce, "Wannan ma ya ji."

Ran wata Talata ya rufe littafin ya tura wa Isiyaku.

"Yanzu ta miƙe. Ka kai wa masu amshi. Ka kuma gaya wa Kamil, sunana ya zauna a jeri tunda sun riga sun rubuta, amma in ya ba ni kambun nan ban yafe ba. Na san wasana."

Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, saura kwana tara Sallah. Isiyaku na kan hanyar kai kaya lokacin da mai gadin benen ya kira shi. Kwana biyu aka yi ana bin takardu tsakanin kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, da ofishin jakadanci, sannan aka yi masa sallah bayan la'asar aka kai shi.

A bakin maƙabarta Isiyaku ya isar da saƙon. Likita Kamil ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah Ya jiƙansa." Isiyaku ya jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba.

Mansur aka ba kambun. Isiyaku na zaune a layin baya lokacin da aka kira sunan, yana duban fuskokin alƙalan ɗaya bayan ɗaya, bai iya gane ko wasiyya suka bi ba, ko kuwa dama haka suka shirya. Da masu amshi suka rera waƙar da aka gyara, babu wanda ya tashi. Nan ma ya kasa sanin ko waƙar ce ta zaunar da su, ko kunyar mamaci.

Bayan Sallah da kwana huɗu ya dawo aiki ya tarar da ƙofar ɗakin Malam a buɗe. An kwashe kaya, mai gadi ya wanke daɓen don sabon ɗan haya. Ruwan na gangarowa daga matakala zuwa matakala, ɗauke da guntayen zare, ja da fari. Isiyaku ya tsaya a gefe, ya manne da bango, har ruwan ya gama wucewa.