Agogon Jirgin Feshi

Awaisu mai gyaran injin ban-ruwa ne a Bakori, kuma duk wanda ya san shi ya san cutar da ke ransa, wato jirgin sama. Tun yana yaro yake son ya zama matuƙi, Allah bai nufa ba. Da ya haura arba'in sai ya kwashe buhunan masara daga ɗakin ajiya na bayan gida, ya ce wa matarsa Lauratu jirgi zai gina a ciki. Ta yi dariya, ta ce duk ranar da ya tashi ya fara kai ta Makka.

Ba jirgin tashi ba ne, mazaunin matuƙi ne kawai, irin wanda ake jonawa da kwamfuta, mutum yana tuƙi talabijin na nuna masa ƙasa da gajimare. Ya samo kujeru biyu na wata matacciyar bas, ya jera talabijin uku a madadin tagogi, ya ƙera sitiyari da bututun ruwa, fedojin ƙafa kuma da sifirin na babur. Agogunan gaban matuƙi ma shi ya haɗa su da ƙananan injuna da ya ciro daga tsofaffin firinta, duk allurarsu na motsi yadda kwamfuta ta ce. Sai dai ransa na son ko da agogo ɗaya na ainihin jirgi.

Raufu ne ya samo masa, wani Bayarabe haifaffen Funtuwa da ke sayen tsofaffin ƙarafa. Ya ce 'yan gwangwan ne suka kawo shi daga wani ƙauye wajen Dayi. Agogon da ke nuna tazarar jirgi da ƙasa ne, gilashinsa ya tsage, baƙar laka ta bushe a bakin kusoshinsa. Awaisu ya buɗe shi, ya cire kayan cikinsa da suka yi tsatsa, ya ɗaura wa allurar nasa ƙaramin inji, ya kafa shi a tsakiyar allon. Ya yi aiki lafiya lau.

Wata rana cikin damina, bayan azahar, ya shiga ɗakin ɗauko filaya. Babu wuta, batirin ma a cire yake. Sai ya ga allurar agogon a tsaye, tana saukowa a hankali kamar jirgi na neman ƙasa. Da ta kusa ƙarshe ta yi wata girgiza, ta faɗi. Ya fara gaya wa kansa cewa irin waɗannan agogunan da iska suke aiki, hadari na iya motsa su. Sai ya tuna da hannunsa ya cire abin da ke jin iskar, ya jefa a kwandon shara.

Bai gaya wa kowa ba. Amma tuƙin ma ya canza. Ko daga Kano ya tashi ko daga Kaduna, da an ɗan yi nisa sai ƙarar injin ta fara tari, hoton da ke tagogin ya koma gonakin dawa, sarai har yana iya ganin kunya-kunya da giginyoyi a bakin wata fadama. Kwamfutarsa ba ta taɓa nuna ƙasa da kyau haka ba. Daga nan sai sitiyarin ya yi nauyi, ya riƙa fizgar sa hagu, alhali babu wani inji a jikinsa da zai ja shi. Kullum a nan Awaisu ke kashe komai ya fito.

Sau ɗaya Lauratu ta zauna a kujera ta biyu. Ba su daɗe ba ta miƙe, ta ce warin maganin feshi na hawa mata kai, kuma akwai mai numfashi a bayan wuyanta. Tun daga ranar ta hana 'yarsu Najiba ko leƙa ƙofar.

Ana nan sai mahaifiyarsa, Inna, ta zo daga Dayi ganin likitan ƙafa. Da la'asar tana zaune kan tabarma tana tsinke zogale, shi kuma yana ciki ya kunna jirgi. Injin na fara tari a lasifika ta saki faifan, ganyen ya watse. Ta aika Lauratu ta kira shi, ta tambaye shi inda ya samo wannan ƙarar. Sai ya faɗa mata komai.

Inna ta tattara ganyen, sannan ta ba shi labari. Wata shekara tsuntsaye jan-baki suka sauko wa dawa, aka turo ƙaramin jirgi ya yi musu feshi. Mutanen ƙauye, yara da mata, suka cika wani fili a gefen fadama suna kallo. Jirgin ya fara tari a sama, ya miƙo kan filin, don nan ne kaɗai wurin da zai iya sauka. Har sun ga tayoyinsa. Sai kawai ya karkata hagu ya faɗa cikin fadamar, laka ta haɗiye gabansa. Maza suka ciro matuƙin, wani saurayi, babu rai.

"Ganin mu ya yi ya kauce," in ji Inna. "Ina tsaye a filin nan, da cikinka."

Ta ce ya cire agogon tun kafin magariba. Ya amsa da to, amma bai cire ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, wataƙila bawan Allahn nan sauka yake nema har yanzu, shi kuwa ya iya sauke jirgi. In ya riƙe sitiyarin da ƙarfi ya hana shi karkata, ya ajiye shi a filin, ƙila abin ya ƙare.

Washegari da hantsi, Lauratu ta raka Inna asibiti, ya shiga ya rufe ƙofa. Ya yi bisimilla ya tashi jirgin. Gonakin suka bayyana, injin ya yi tari, warin feshi ya cika ɗakin har idanunsa na ruwa. Allurar ta fara sauka. Da sitiyarin ya fizga hagu, ya dafe shi da hannu biyu ya mayar da shi tsakiya. Ya ji ana ja, shi ma yana ja, bututun har ƙara yake. Filin ya miƙe a gabansa, shimfiɗaɗɗe, sai dai ba fanko ba ne. Cike yake da mutane, duk sun ɗaga kai. Yara na tsalle suna ɗaga hannu. A tsakiyarsu ga wata yarinyar mace da ƙwarya a ka, ta dafe cikinta da hannu ɗaya, ba ta ko motsa ba.

Awaisu ya saki. Bai tsaya a sakin ba ma, shi da kansa ya tura sitiyarin hagu iya ƙarfinsa. Giginyoyi suka taso masa, tagogin uku suka yi baƙi lokaci guda, ɗakin ya yi tsit. Bai san iya zaman da ya yi ba. Da ya sauke ƙafafunsa daga fedojin sai ya ji sanyi. Ya duba, baƙar laka ce ɗanya, har idon sawu.

Haka Lauratu ta tarar da shi a bakin rijiya yana wanke ƙafa. Ta ɗauko sukudireba ta miƙa masa, ya je ya ciro agogon. Da daddare ya ba su labarin abin da ya gani, ita da Inna.

Ranar Juma'a suka tafi Dayi shi da Inna, agogon na naɗe cikin ƙyalle. Fadamar yanzu duk shinkafa ce. Ya haƙa rami a gindin wata giginya ya binne shi, limamin ƙauyen ya yi wa mamacin addu'a duk da babu wanda ya tuna sunansa, aka raba wa yara waina.

A cikin bas, kan hanyar komawa Bakori, suna tafe har suka wuce Malumfashi. Can Inna ta juyo, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Yarinyar da ka gani, wane zane ne a jikinta?"

"Shuɗi ne, Inna, mai zanen ganye. Gefensa ya ɗan ƙone."

Ta gyara lulluɓinta, ta mayar da fuskarta taga.

"A murhu ya ƙone," ta ce, "da safiyar ranar."