Layin da Aka So Ya Kwanta

Shugaban sashen ƙididdiga na hukumar lafiya wani dattijo ne da abokan aiki ke kira Baba Jadawali. Shi aka ɗora wa zana yawan yaran da gudawa ta kashe a unguwar bayan masana'anta, wata bayan wata, domin kwamiti ya duba ya yanke ko a rufe famfon unguwar ko a bar shi. Da ya zana, layin ya miƙe kamar tsani a jikin bango.

Daraktan hukumar ya juya takardar yana murmushi. "Baba, so kake hawan jini ya kama 'yan kwamiti? Ma'aunin gefen nan da ya tsaya a hamsin, kai shi dubu, layin zai kwanta. Ban ce ka taɓa lamba ko ɗaya ba."

"Ranka ya daɗe, lambobi ba za su canja ba, amma abin da ido zai gani ya canja."

"Ido ai ba ya sa hannu a rahoto. Ko kujerar ce ta gundure ka?"

Dattijon ya zana na biyun, ya tafi gida da duka. Ya yi ta lallashin zuciyarsa cewa bai yi ƙarya ba, alhali ya san Allah bai hana tauye awo a kan hatsi kaɗai ba.

Da safe 'yarsa ta kawo masa shayi. A unguwar bayan masana'antar take aure, kuma tun da gudawa ta kashe ɗanta na fari ta dawo gida. Idonta ya faɗa kan zane na biyu.

"Baba, na unguwarmu ne?"

"Shi ne, Uwata."

Ta bi layin da yatsa, yana kwance kamar ruwa a faranti. A hankali ta ce, "Ashe ba annoba ba ce. Ashe ni ce ban iya reno ba."

Dattijon bai iya shan shayin ba.

A ɗakin taro zane na farko ya manna a allo. 'Yan kwamiti suka zuba wa layin ido. Kwamiti ya ba da umarnin rufe famfon, Darakta kuma ya mayar da dattijon ɗakin tsofaffin fayiloli. Bai yi gardama ba, ya yi hamdala ya kwashe kayansa.

Da ya koma gida ya shimfiɗa wa 'yarsa zanen gaskiya, ya ce ta duba yawan iyayen da suka rasa 'ya'ya tare da ita. Ta daɗe tana kallo.

"Nawa yana ina?"

Ya nuna mata watan, can kusa da ƙololuwar layin. Ta ɗora yatsa a wurin, tana yi musu addu'a gaba ɗaya.