Da An Sa Giya Sai Ta Mutu

"Sake sa ta," in ji Baba Direba.

Guntu bakanike ya taka birki, ya jawo sandar giya daga P zuwa D. Motar ta yi 'yar girgiza, ta yi tari sau biyu, sai ɗif, injin ya mutu. Karo na huɗu ke nan tun hantsi.

"To ka gani, Baba. Giya ce, ta gama yawo."

"Giyar gidanku."

Guntu ya yi dariyar yaƙe. Baba kuwa ba wasa yake yi ba. Shekara talatin da takwas ya yi yana jan tirela, sai da gwiwarsa ta hagu ta ƙi taka kuloci sannan ya sauka, ya sayi wannan otomatik ɗin, irin wadda a da yake kira motar malalata. Yanzu ita kaɗai ta rage masa. Kullum da safe yakan goge ta, ya ja ta zuwa tasha, inda tsofaffin abokan aikinsa ke zama a kan benci suna zagin direbobin zamani. Yau kwana uku ba a gan shi a bencin ba.

Autarsa, malamar asibiti, tana tsaye a bakin ƙofar falo ta harɗe hannu. Ita ce ta kirawo Guntu da kanta, abin da ya ba Baba mamaki. Tun watan jiya da ya kwashe teburin mai lemo a kwanar layinsu take binsa da magana ɗaya, wai ya ajiye makulli, likita ya ce jijiyar idonsa bushewa take yi. Baba ya ce lasisinsa ma ya girmi likitan.

"Zaro min sandar awon man giya," ya ce.

Guntu ya zaro ya miƙa masa. Baba ya shafa man a yatsa, ya murza, ya kai hanci.

"Ina ƙaurin? Giyar da ta ƙone ai tun daga nesa take sallama. Wane launi ne?"

"Ja ne."

"Ja ne. Madalla. Tayar da ita, ka bar ta a P."

Motar ta tashi, tana silo a tsaye, amma ba silon lafiya ba: ta hau, ta sauka, kamar numfashin mai asma.

"Kunna na'urar sanyi."

Guntu ya ɗan saci kallon Auta kafin ya danna. Nan take injin ya durƙusa, ya yi karkarwa, ya mutu.

"Ka taɓa giya yanzu?"

"A'a."

"To ashe ba giya ba ce, ɗan nema. Injin ne ba ya iya ɗaukar kaya. Ka ɗora masa giya ya faɗi, ka ɗora masa sanyi ya faɗi. Ko dai maƙogwaron totur ya yi datti, ko yana shan iskar sata. Wa ya koya maka aiki ne wai?"

"Baba, ka zo ka zauna, rana ta yi," in ji Auta. "Guntu ya ce sai an sauke giyar, kuma ba a samun irinta."

"Ba da ke nake ba."

Ya sa aka sake tayar da motar. Ya sunkuya cikin bonet, ya karkata kai. Idon ne ya ci amanarsa, kunnen yana nan daram. Can ƙarƙashin rurin injin ya ji ta, wata siririyar shessheƙa. Ya bi ta da hannu, ya wuce gidan iska, ya kama tiyon robar da ke shiga bayan totur, yana lalube a hankali. Ta sama sumul. Da ya juya yatsa ta ƙasa, sai ya ji iska na tsotsar fatarsa.

Ya daɗe a sunkuye. Robar da ta tsufa tsagewa take yi, bakinta kaca-kaca, ta bar maka baƙin gari a yatsa. Wannan kuwa miƙaƙƙen layi ne, tsaf, yankan reza, kuma ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.

Ya miƙe yana dafe da ƙugu.

"Guntu, kai ka yanka?"

"Wallahi tallahi, Baba, ban..."

"Na sani. Kai ko ƙarya ba ka iya ba, balle wannan."

Mutum ɗaya ne a gidan nan ya san abin da tiyon nan ke yi. 'Ya'yansa maza uku babu wanda ya taɓa riƙe masa sifana. Auta ce tun tana 'yar mitsitsiya take hawa kan bokiti ta leƙa injin, tana tambaya har ya gaji. Shi da bakinsa ya ce mata injin da ke shan iskar sata yakan yi lafiya a tsaye, sai an ɗora masa kaya yake tona kansa. Abin ya yi masa ciwo, ciwon da ya fi na gwiwa.

"Hannunki bai ko karkace ba," ya ce, bai juya ba. "Aikin asibiti ya yi rana."

"Ni ce," in ji Auta. "Na roƙe ka, na yi kuka, na turo maka Kawu, ka kore shi. Ranar nan tebur ne, Baba. Gobe fa? Ni ake kawo wa waɗanda mota ta taka, ni nake wanke su."

"Sai ki mai da ni mahaukaci a gidana. Kwana uku ina zargin kaina, ina cewa ko na manta mota ne. Har da ɗauko ɗan haya ya yi min ƙarya."

Guntu ya sunkuyar da kai, yana goge hannun da babu komai a jikinsa.

"Ba ni salatif."

Baba ya sa aka kashe motar, ya naɗe tiyon da kansa, zagaye biyar, ya datse da haƙori. Ya ture Guntu, ya shiga, ya gyara kujera, ya murza makulli. Injin ya tashi ya zauna lafiya lau. Ya taka birki, ya jawo sandar zuwa D. Motar ta ɗan yunƙura gaba, ta tsaya tana jiransa, ko gezau. Daɗi ya kama shi har wuya, ya buga sitiyari da tafin hannu.

"Giya ta mutu, ko? Guntu, buɗe min get!"

Guntu ya dubi get ɗin, ya dubi Auta.

"Na ce ka buɗe min get, ko kai kurma ne?"

"Baba," Guntu ya ce a hankali, "ai a buɗe yake. Tun da na shigo ban rufe ba."

Baba ya dubi gabansa. Taku goma ne tsakaninsa da get ɗin, shi ya kafa shi da hannunsa. Ya runtse ido, ya buɗe. Haske ne kawai fari fat, da wasu inuwoyi da ba su da baki. Wani abu ya gifta ta ciki, bai san ko mutum ba ne ko keke.

Ƙafarsa na kan birki, injin na ta aikinsa, ba tari ba karkarwa. Ya daɗe a haka. Sannan ya mayar da sandar P, ya kashe motar, ya fito da ƙyar.

Auta ta matso, ta miƙo hannu. Ya wuce hannun, ya danƙa wa Guntu makullin.

"Ka sa mata sabon tiyo, ka nemo mai saye. Kuma kar na ji ka yi mata sharri. Duk wanda ya tambaya, ka ce lafiyarta ƙalau."

Ya nufi falo yana lalube bango. Da Auta ta kama gwiwar hannunsa, ya zame.