Labulen Mashayar Gavigan

Ɗan sanda ya ɗaga hannu a bakin gada, Nuala ta taka birki ta sauke gilashi.

"Kogi ya hau kan gada, baiwar Allah," in ji shi. "Sai dai ku juya ku bi ta Cloonavarra."

Ta saci kallon mahaifinta, Malachy Gavigan, da ke zaune a gefenta, hula a ka, takardar likitan zuciya a kan cinya.

"Babu wata hanya?" ta tambaya.

"Akwai, in motarki ta iya iyo."

Shekara biyu ke nan tana ɗauko tsohon daga gidan kula da tsofaffi ta kai shi asibiti ta mayar, ko sau ɗaya ba ta bi da shi ta Cloonavarra, ƙauyensu, ba. Kullum da dalilinta, yau ramuka, gobe sauri. Gaskiyar kuwa ita ce, mashayar Gavigan, inda ya tsaya bayan kanta shekara hamsin da ɗaya, a rufe take tun wata huɗu bayan ciwon zuciya ya kayar da shi. Samari sun watse Dublin da Ostareliya, tsofaffi suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Da ƙaninta Fintan ya gaji da wuni yana kallon mutum biyu, sai ya sa makulli ya koma kiwon tumakinsa. Likita ya ce kada a tayar wa tsohon da hankali, su kuma suka rungumi wannan magana hannu bibbiyu, don ta fi gaskiya daɗin ɗauka. Duk Lahadi Fintan yakan je masa da labarin mashaya, wa ya yi waƙa, wa ya yi rigima, wa matarsa ta zo ta ja shi gida da kunne. Duk ƙirƙira yake yi.

Ta tsaya a gidan mai ta ce za ta zaga. A bayan gini ta kira Fintan.

"Ina coci," ya ce da raɗa. "Jana'izar Bartley Coen ake yi, kin manta?"

Ta manta shaf. Bartley ya shekara arba'in a kan kujerar ƙarshen kanta, kuma ba a riga an gaya wa Baba ya rasu ba. Sun bar shi sai Lahadi.

"Fito yanzun nan. An rufe gada, ta gari za mu bi. Buɗe ƙofa, ɗaga labule, kunna fitilu. Zan wuce da sauri, ya dai ga wurin a buɗe."

"Kin haukace? Za a fito da gawa fa."

"Limamin nan da ba ya gama huɗuba sai ƙafar mutum ta mutu? Kafin su fito mun wuce."

"Nuala, ai wancan ya yi ritaya. Wannan sabon..."

"In zuciyarsa ta tsaya a motata, kai za ka zo ka ɗauke shi? Tashi, don Allah!"

Ta kashe wayar.

Tun da suka kama hanyar ƙauye bakin tsohon ya buɗe. Ya nuna mata gonar da mahaifinsa Thady ya sayar da saniyarsa ta ƙarshe, bayan ya dawo daga haƙar ramukan jirgin ƙasa a Ingila da yatsa guda a lanƙwashe. Da kuɗin saniyar aka yi rufin mashayar. Ya tuna mata da mahaifiyarta Una, yadda take sayar da ganyen shayi da sukari da takalman ruwa a wannan gefen kanta, shi yana zuba giya a wancan gefen, suna faɗa a tsakiya.

"A ɗakin sama aka haife ki," ya ce. "Kukanki ya sa na zuba wa kowa kyauta. Bartley ya sha uku, ya ce Allah ya kawo tagwaye baɗi."

Ya yi dariya. Ita kuwa ta ƙara riƙe sitiyari. Tsoro take ji ƙwarai, ga kunya a kai.

Suna shan kwanar makaranta ta ji ƙararrawar coci, bugu ɗaya, shiru, bugu ɗaya. Titi guda ne a Cloonavarra, kuma ga shi cike da mutane cikin baƙaƙen kaya, suna gangarowa a hankali, maza shida ɗauke da akwatin gawa a kafaɗa. Babu wurin wucewa, babu wurin juyawa. Ta raɓe a gefe ta kashe mota.

Mai kantin magani ya sauke labulensa ya rufe ƙofa ya tsaya a waje. Mahauci ma haka, da matar gidan waya. Haka ake yi tun kaka da kakanni, ba a barin gawa ta wuce ƙofar ciniki a buɗe. Duk tsawon titin, wuri ɗaya ne ƙofarsa take wangame, labule a sama, fitilu na ci, har da rediyo da Fintan ya ƙara don abin ya yi kama da gaske. Ga shi nan tsaye a bakin ƙofa da baƙar kwat, tsumma a kafaɗa, yana kallon gawa yana kallon motar yayarsa, ya rasa wadda zai ji wa tsoro.

"Wa ya rasu?" in ji Malachy.

"Baba..."

"Tambayarki nake."

"Bartley ne. Ranar Litinin."

Ta ji numfashinsa ya canza, ta kai hannu aljihun rigarsa inda ƙwayar maganin zuciyarsa take. Ya ture hannun.

"Buɗe mini ƙofa."

"Likita ya ce..."

"Likita ɗan garin nan ne? Buɗe, ko in fasa gilashin nan da sanda."

Ta fito da shi. Tazarar ba ta fi taku talatin ba, amma rabonsa da tafiya irin wannan tun kafin ya kwanta. Yana dogara sanda yana jan ƙafa, ita tana biye, hannuwanta a buɗe a bayansa. Masu ɗauke da gawa suka gan shi, suka rage tafiya ba tare da wani ya ce su rage ba.

"Matsa," ya ce wa Fintan. "Shekara casa'in ba a taɓa barin ƙofar nan a buɗe wa gawa ba, sai a hannunka. Kuma gawar Bartley!"

Ya shiga. Nuala ta bi shi. Warin danshi ya tare su. Kantoci wayam, ko kwalba ɗaya babu. Kujeru a kife kan tebura, ƙura ta yi kauri a kan kanta, buhunan abincin tumaki a jibge inda ake ajiye gangunan giya. A jikin ginshiƙin ƙofar ciki har yanzu ga zanen wuƙa inda Una take auna tsayinsu duk Kirsimeti. Tsohon ya dubi komai sau ɗaya. Ya kashe rediyo, ya nufi taga.

Labulen farko ya sauka. Na biyu ya cije. Fintan ya taho zai taimaka.

"Kar ka taɓa. Hagu ake ja sau biyu, sannan a sake."

Ya sauka. Suka fito, ya ja ƙofa ya rufe, ya tsaya a gabanta ya cire hula. Masu ɗauke da Bartley suka iso daidai wurin suka tsaya cik, kamar yadda ake tsayawa da mamaci a ƙofar gidansa. Ƙanwar Bartley ta dubi Malachy ta sunkuyar da kai. Sannan aka ci gaba, takalma suna ta wucewa a kan jiƙaƙƙen titi.

Leɓunan Malachy sun yi fari. Wannan karon ya bari ta sa masa ƙwayar a ƙarƙashin harshe.

"Baba, mun so mu gaya maka," ta ce.

"Tagar ɗakina a gidan tsofaffi mararraba take kallo," in ji shi. "Duk Alhamis motar giya takan karya kwana ta yo nan. Kusan shekara biyu ban ga ta karya ba."

Fintan ya zare tsumman daga kafaɗa. "To me ya sa ka bar ni ina ta zuba kamar wawa?"

"Ka iya ƙarya, ka gado kakanka. Kuma in na ce na sani, me za ka zo ka gaya mini ran Lahadi? Lafiyar tumaki?"

Hawaye suka zubo wa Nuala, ba ta ko share ba.

"Ba ni makulli," in ji tsohon.

Ya murɗa shi da kansa, sau biyu, ya jijjiga ƙofar ya tabbatar, ya miƙa wa Fintan. Ya koma ya tsaya inda yake, ƙarƙashin sunansu da fenti ya fara ɓarewa. Mutanen ƙarshe sun sha kwanar maƙabarta. Mahauci ya ɗaga labulensa, mai kantin magani ya buɗe ƙofa. Yayyafi ya soma sauka a kan furfurar Malachy.

"Baba, sa hularka," in ji Nuala. "Ai sun wuce."

"Na gani," ya ce.

Bai mayar da hular ba.