Koriyar Alamar Baba Radoslav

"Mama, in mutum ya mutu, wa ke kashe masa kwamfuta?"

Biljana ta toshe bakin 'yarta Dunja, amma duk wanda ke tsaye a matakala ya riga ya ji. Ƙofar Baba Radoslav, maƙwabcinsu, a buɗe take. Ma'aikatan asibiti biyu na ta fama da makara a kwanar bene.

Shekara talatin Radoslav ya yi a masana'antar taya. A can, in ba ka zo shan kofin safe ba, kafin ƙarfe tara an aiko wani ya buga maka ƙofa. Da aka rufe masana'antar, ya samu aikin shigar da bayanai daga gida, a kamfanin da Biljana ke yi wa aiki. Su ba sa buga ƙofa. Koriyar alama suke kallo a gefen sunanka. In ta koma ruwan ɗorawa na minti biyar, sai saƙon shugaba.

Radoslav ne ya koya wa Biljana dabarar. "Ɗora linzamin kwamfutar a kan agogon hannu, 'yata. Muddin agogo na tafiya, alamar ba ta mutuwa. Je ki dafa wa yarinya abinci."

Ranar Litinin labulensa bai ɗagu ba. Biljana ta miƙe, ta zauna, ta duba allo: alamarsa kore. Ranar Talata ta kai har bakin ƙofarsa, aka kira taro, ta sake dubawa: kore. Ta juya.

Yau Alhamis, ranar da tsofaffin masana'anta ke haɗuwa shan kofi. Stojanka, abokiyar aikinsa ta dā, ita ta zo da mai gyaran makulli.

"Minti goma muka jira tsohon banzan nan," in ji ta, tana share hanci. "Ko ranar da aka yi masa aikin ido bai makara ba. Ke kuma, 'yar nan, bango ɗaya ne tsakaninku!"

"Alamarsa kore ce, Inna."

"Kore? Ganye ne shi?"

Wayar Biljana ta yi ƙara. Shugaba ne ya rubuta wa kowa: "Ku yi koyi da Radoslav, ko minti ɗaya bai tashi ba a satin nan."

Biljana ta shiga ɗakin Radoslav. Ga kofinsa ya bushe, ga agogon na ta tafiya a ƙarƙashin linzami. Ta ɗage shi a hankali, ta tsaya har alamar ta dushe.

Nata agogon na can a teburinta yana irin wannan aiki. Ta dubi Dunja, wadda ko hannun ƙofa ba ta kai ba tukuna. Ta zare makullin ƙofarta na biyu, ta damƙa a tafin Stojanka.

"Inna, tagata ce mai labule ja."

Tsohuwar ta jefa shi cikin jaka.

Kai ma, ranar da labulen maƙwabcinka bai ɗagu ba, kada ka duba allo. Tashi ka buga ƙofa.