Kujerar da Ta Juya Baya

Kujerar ta sake juya mata baya.

'Yar kujera ce a fuskar kwamfuta, zanen gwaji. Ɗalibar ta umarce ta da ta juya digiri casa'in, ita kuwa sai ta zarce zuwa ɗari da tamanin, kamar mai fushi. Mako uku ke nan ana haka. Ƙarfe biyu za ta kare kundin digirinta, ga shi sha biyu ta gota.

Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Wallahi tsoro take ji.

A aljebrar Clifford, reshen lissafin da take nazari, in za a juya abu, ana ninka shi da wani adadi mai suna majuyi ta hagu, a sake ninkawa ta dama. Tunda sau biyu ne, dole a raba kusurwar biyu tun farko. Ta bi layukan manhajar da ta rubuta har ta haddace su, lafiya lau suke. Abu ɗaya ne ba ta taɓa buɗewa ba: tsohuwar manhajar da malamin da ke duba aikinta, Farfesa, ya rubuta, wadda kowa a sashen ke ɗora aikinsa a kanta ido rufe. Wa ya isa?

Ta buɗe. A layi na ɗari biyu da bakwai, ba a raba kusurwar ba. Tirƙashi! Ashe shekara goma sha tara lambobi kawai ake jerawa a jadawali, ba wanda ya taɓa zana kujera ya gani da idonsa.

Farfesa ya leƙo yana kaɗa makullan mota.

"'Yata, kin gano kuskuren naki?"

"An gano, Malam."

"Ai na ce miki gaggawa ce."

Shi ne zai zauna a tsakiyar masu yi mata tambayoyi. Ta juya masa kwamfutar. Ya sunkuya ya karanta. Makullan suka yi shiru.

"Jadawalin takardar bincikena ta farko..."

"Da wannan aka yi shi, Malam."

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa."

Ya jawo kujera ya zauna, ya ajiye makullan.

"Raba kusurwar mu gani."

Ta raba. 'Yar kujerar ta juya gefe, ta tsaya cak a casa'in. Ya daɗe yana kallon kujerar.

"Ƙarfe biyu, ki fara da wannan layin," in ji shi. "Ki kuma faɗi wanda ya rubuta shi."

Ya fita a hankali. Makullan suna nan kan teburinta.